Kusurwar Gareji: Wace giya ce a motar nan, haƙori nawa ne a bak-aksul?

Jama'a assalamu alaikum. Wannan makon kamar haɗa baki aka yi, wasiƙu huɗu suka shigo duk a kan tsofaffin motoci kuma duk damuwar ɗaya ce, mutum ya mallaki mota amma bai san abin da ke ƙarƙashinta ba. Toh bismillah.

TAMBAYA: Salam Baba, ya aiki ya jama'a. Ni dai mahaifinmu ne Allah ya yi wa rasuwa bara, ya bar wata Peugeot 504 salun da ta fi shekara takwas a ajiye a gindin darbejiya, da aka zo rabon gado kowa ya kau da kai sai nace a sa min ita a kasona, na gyara ta yanzu tana tashi lafiya lau. Matsalar in na hau titin Kaduna maleji ya kai 100 sai injin ya dinga ihu kamar ana yanka shi, hannuna har kaiwa yake kan sandar giya ina laluben ta biyar babu. Makaniken unguwarmu yace giyabos ɗin ba nata bane, wani kuma a Panteka yace a'a kayan bak-aksul ne aka sa mata na a-kori-kura, kowa da kuɗin da ya yanka min. Takardun motar an nema an rasa. Dan Allah ya zan yi in gane gaskiya, kuma meye wannan reshiyo ɗin da suke ta faɗa? Ɗanka ne daga Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinku ya sa ya huta. Kuma ka kyauta da ka karɓi motar, 'yan uwanka basu san abin da suka bari ba. Kafin komai mayar da kuɗinka aljihu tukuna, kada ka ba kowa ko sisi, domin duk su biyun hasashe suke, babu wanda ya ƙirga komai a cikinsu, kuma wannan magana ta ƙirge ce.

Bari mu fara da reshiyon. A cikin tulun nan da ke tsakiyar ƙafafun baya akwai ƙarafa biyu masu haƙora, babban mai kama da faifai shi ne kirawun, ƙaramin da farfela (doguwar sandar ƙarfen da ke kawo juyi daga giyabos) ke juyawa shi ne finiyon. Ka ƙirga haƙoran babban ka raba da na ƙaramin, abin da ya fito shi ne reshiyo, shikenan babu wani tsafi a ciki. Misali a 504 salun da yawa za ka tarar finiyon haƙori 9 kirawun 35, in ka raba ya ba ka 3.89, ma'ana sai farfela ta juya sau huɗu saura kaɗan kafin taya ta yi zagaye ɗaya. In lambar tana da girma mota tana da ƙarfin ja da hawan tudu amma inji na wahala a doguwar hanya kuma mai yana tafiya, in lambar ƙarama ce inji zai huta a titi amma tashi zai yi nauyi. Shi yasa Peugeot basu sa iri ɗaya a duka ba. Salun samfurin da ake kira TI sun ba ta 9 da 34 wato 3.78, wagon galibi 9 da 38 wato 4.22, a-kori-kura kuwa tunda buhun masara da 'yan kasuwar ƙauye aka yi ta domin su, akwai masu 8 da 39 wato 4.875. Sannan akwai 9 da 37 wato 4.11 a cikin dangin. Motar da aka fara haɗawa a Kaduna tun 1975 aka ci gaba da yi har bayan shekarar 2000, ga 505 ta zo ta tarar da ita suna aron kayan juna, kaga kuwa wadda ta shekara arba'in a hannun makanikai komai ma zaka iya samu a cikinta.

Giyabos ɗin ba shi da wahalar ganewa. 504 mai giyar hannu yawancinta BA7 ce mai giya huɗu, kwanson alminiyam ne da aka raba gida biyu ta tsawo, hagu da dama, in ka shiga ƙasa za ka ga layin haɗin ya bi tsawonta. Daga baya aka yi mai biyar, sannan ga babbar yayarta BA10 da aka sa wa masu inji mai ƙarfi (ita wannan har Amurka ta je, Jeep sun sa ta a Wrangler daga 1987 zuwa 1989). Abin da nake so ka riƙe shi ne, a dukkansu giya ta huɗu kai tsaye take, juyi ɗaya na inji juyi ɗaya na farfela. Kenan ko da gaske an canza maka giyabos, muddin a ta huɗu kake tafiya ihun injin ba daga nan yake ba. Maganar makaniken unguwarku ta faɗi tun anan, ka gaishe shi.

Yanzu saura bak-aksul. A wasu motocin aikin minti biyar ne, ka ɗaga taya ka sa alli a farfela ka juya ka ƙirga. Amma 504 salun da wagon sun ɓoye farfelarsu a cikin wani dogon bututun ƙarfe daga giya har aksul, ba za ka ga tana juyawa ba ko ka kwana a ƙarƙashin motar. Anan ne yara da yawa ke cewa sai an sauke aksul. Ba sai an sauke ba. Tunda mun ce giya ta huɗu kai tsaye ce, toh injin da kansa ya zama farfelar, sai mu ƙirga a gaba.

Ka samu fili mai tauri a shimfiɗe, ka cire kan batir, ka kwance fulogi duka huɗu don injin ya yi sakwas. Ka tokare tayoyin gaba da duwatsu ko katako gaba da baya, da tayar baya ɗaya ma, saboda dole ka saki birkin hannu tunda ƙafafun baya yake kamawa. Ka ɗaga tayar baya ƊAYA kawai, ɗayar na ƙasa, kuma dan girman Allah ka sa mata abin tokare mai ƙarfi, kada ka yarda da jak shi kaɗai, bulon siminti ma ban yarda da shi ba don fashewa yake ba sallama. Sa giya ta huɗu. Ka ɗan juya tayar gaba har sai ka ji lakon ya ƙare ta fara jan inji, sannan ka yi alama da alli a jikin taya da bodi, wani kuma ya yi alama a fulin karanshaf, wato na can ƙasa, ba na fanka ba ba na altaneta ba. Kai kana juya taya a hankali shi yana ƙirga sau nawa allinsa ya wuce.

Sau nawa za ka juya? Anan aka fi faɗawa rami, nima na faɗa. Ina yaro a gareji ogana ya sa ni wannan aikin, na juya taya sau ɗaya na samu biyu saura kaɗan, na je da ƙwarin gwiwata nace Oga wannan aksul ɗin 1.9 ne, bai ce komai ba sai ji na yi ranƙwashi a tsakar ka, yace tunda uwarka ta haife ka ka taɓa jin mota mai 1.9? Abin da ban sani ba lokacin, in taya ɗaya na ƙasa, ƙananan giyoyin da ke cikin tulun suna ninka gudun wadda ke sama, sai ta zagaya sau BIYU kirawun ya zagaya sau ɗaya. Don haka sau biyu ake juyawa. Ni ma dai nafi son a juya sau 20, saboda a juyi biyu 3.78 da 3.89 ido bazai raba su ba, amma a 20 komai fitowa yake fili: in mai ƙirga ya samu 38 toh 3.78 ce, 39 saura ɗan kaɗan 3.89, 41 ita ce 4.11, 42 da ɗoriya 4.22, in kuwa ya doshi 49 toh mutumin Panteka ya yi gaskiya. Ku maimaita sau biyu don mai ƙirga na iya shagala, musamman in waya na hannunsa.

Amma fa in faɗa maka abin da raina ke ba ni, inaga 39 za ka samu. Duba lissafin. Tayar asali ta 504 salun 175 R14 ce, zagayenta a ƙasa kusan mita 1.93. A kilomita 100 cikin awa tana juyawa wajen sau 860 a minti, ka ninka da 3.89 ka ga inji na yin kusan 3,350 a minti. Haka aka ƙera ta. Kai kuma ka saba da motocin yanzu da a gudu ɗaya ɗin suke tafiya shiru kamar ba a kunna ba, dole kunnenka ya ce akwai matsala. Da 4.22 zai kai wajen 3,650, da 4.875 kuwa ya haura 4,200, wannan kam ko kurma ya san da magana.

Sannan ka duƙa ka karanta abin da ke rubuce a jikin tayoyinka. Tunda 175 R14 ta yi wuya mutane 185/65 R14 suke ɗaurawa don ita ce a ko'ina, alhali ta fi ta asali gajarta da kusan santimita huɗu, wannan kaɗai ya isa ya mayar da 3.89 ta koma kamar 4.15, kuma malejin zai dinga yi maka ƙarya yana nuna 100 kana kan 94. Ka kunna manhajar auna gudu a waya, wani ya riƙe maka kuna tafiya ku gwada da maleji. Wayar malejin daga giyabos take ɗaukar lissafi, an kuma daidaita ta ne da aksul da tayar asali, in ka ga maleji na cewa 125 waya na cewa 100 toh an taɓa aksul babu tantama. In bambancin biyar ne ko shida, taya ce ko tsufan maleji. Kuloci ma kada ka manta da shi, in a hawa ka taka totur ihu ya ƙaru gudu bai ƙaru ba, faranti ne ya cinye, ba ruwan aksul.

In komai ya fito daidai kuma har yanzu ihun na damunka, maganin shi ne giyabos mai biyar, ta biyar ɗin na sauke juyin inji zuwa wajen 2,800 a gudun 100. Sai dai ka tafi da wanda ya san aikin don a gwada tsawo da mazauni kafin a biya, kuma tsohuwar ka adana ta kada ka bari a karɓe maka a matsayin canji.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina zaune a Texas shekara goma sha ɗaya kenan, na daɗe ina sha'awar tsohuwar Mustang sai kwanan nan na sayi ta 1966 mai inji 289 otomatik a hannun wani dattijo. Yace min wai aksul ɗin inci tara ne, 3.50, kuma "posi" ce, giya kuma ta asali. Na yarda na biya, yanzu abokin aikina ya leƙa yace bai yarda ba. Akwai wani ɗan faranti a jikin ƙofa mai lambobi amma ban gane kansu ba. Ni ba makanike bane, a asibiti nake aiki. A taimaka.

AMSA: Alhaji barka dai, Allah ya sa alheri ya tsare hanya. Kai naka da sauƙi, Amurkawa sun rubuta komai sun ajiye, matsalar kawai rubutun yana faɗa maka yadda motar ta fito daga kamfani ne a 1966, ba yadda take yau ba.

Farantin da ke gefen ƙofar direba, ka duba layin ƙasa daga dama, akwai gurbin aksul da na giya. A Mustang ta 1965 da 1966 in ka ga 6 a gurbin giya C4 ce otomatik mai giya uku, 5 giyar hannu mai huɗu, 1 giyar hannu mai uku. A gurbin aksul 6 na nufin 2.80, 1 na nufin 3.00, in harafi ne a wurin ba lamba ba toh aksul mai kulle ƙafa biyu ne. 289 otomatik ta gama-gari 2.80 aka fi sa mata. Amma ka fara gwada lambar motar da ke farantin da wadda aka buga a jikin ƙarfe cikin ɗakin inji ta gefen direba, don ƙofa abin cirewa ce, mota ta yi hatsari a 1974 a ɗauko ƙofar wata a ɗaura mata, ka zo kana karanta tarihin motar da ba taka ba.

Giya otomatik ta Amurka da kaskonta ake gane ta, wato tiren man da ke ƙasa, ka ƙirga notinan da suka zagaye shi. C4 guda 11 ne. C6 babbar 17. In ka samu 14 toh mai yiwuwa wani ya sa mata AOD, wata giyar otomatik ta Ford, wadda sai 1980 ta fito, kuma mutane na yawan yin haka da gangan don tana da giya ta huɗu 0.67 mai hutar da inji a babban titi, ba aibu bane amma ba "ta asali" ba ce kuma bai kamata a saya da kuɗin ta asali ba. 

Maganar inci tara. Ford na da aksul biyu masu kama da juna kamar Hassan da Hussaini, inci takwas da inci tara, dukkansu babu murfi ta baya, ta gaba ake zaro kayan cikin gaba ɗaya. In ka ga murfi mai notina ta baya ma toh ba ɗaya daga cikinsu bane. Yadda ake raba su, ka ɗauki soket ka bi notinan da suka riƙe kan aksul ɗin ta gaba, in soket ya shiga kowanne kai tsaye inci takwas ne, in na can ƙasa guda biyu sun ƙi sai da sifana toh inci tara ne. A 1966 Mustang mai 289 inci takwas take zuwa da shi, banda mai ƙarfin nan da harafi na biyar a lambarta K ne, ita aka ba inci tara. Ba wai dattijon ƙarya yake ba lallai, ana sawa daga baya sosai, amma a gani tukuna. A ɗaya daga notinan kuma akan samu ɗan guntun ƙarfe mai rubutu, layin ƙasa farko shi ne reshiyo, 2.80 ko 3.00, in an sa L a tsakiya kamar 3L50 toh mai kulle ce. Shi ma ɗin shaida ce mai rauni, ana canza kayan ciki a mayar da tsohon guntun.

"Posi" kuwa sunan GM ne, Positraction, Ford a lokacin Equa-Lock suke ce wa nasu daga baya Traction-Lok, amma bakin mutane ya saba kamar yadda kowane garin wanki a wurinmu Omo ne. Gwajin: ɗaga ƙafafun baya duka biyu a kan abin tokare, giya a N, ka juya taya ɗaya da hannu. Ɗayar ta bi ta gefe guda, mai kulle ce. Ta juya baya, buɗaɗɗiya ce, ko kuma mai kullen ce ta cinye har ta daina aiki, wanda a wurinka duk ɗaya ne. In mai kulle ce ka sa alli a farfela, taka a fili take ba irin ta ɗan Zariya ba, ka juya tayoyin sau 10 ka ƙirga, 35 shi ne 3.50, 28 shi ne 2.80. In buɗaɗɗiya ce ka sauke taya ɗaya ƙasa ka juya ɗayar sau 20. Tsakanin 28 da 35 ko ɗan firamare bazai ruɗe ba.

In kuma baka son shiga ƙarƙashin mota da kayan asibiti, kuma tana da agogon juyin inji, ga lissafin da su can suke yi da mil: juyin inji sau tsayin taya a inci, a raba da gudu sau 336, abin da ya fito shi ne reshiyo. Sai dai a otomatik akwai ɗan sulɓi a cikin giya, amsar kan ɗan haura gaskiya kaɗan, kuma in AOD ce ka tabbata ba a ta huɗu kake ba.

TAMBAYA: Ina wuni Malam. Daga Damagaram nike. Ina da Land Rover Series 3 gajera ta tsohonmu da muke shiga daji da ita. Aksul na baya ya lalace, aka kawo mani wani na okaziyo aka ɗaura ya zauna daidai, bisa gudron ma ta fi da gudu har na ji daɗi. Amma ran da na shiga rairayi na danna kat-kat sai mota ta kama tsalle tana ƙara kamar za ta rabe biyu. Mi ya faru?

AMSA: Lafiya lau ɗan uwa, ya mutanen Damagaram. Kada ka sake danna rawayan maɓallin nan na kat-kat, wato mai haɗa ƙafa huɗu, sandan nan mai jan kai ma kada ka ja shi baya, har sai an gyara, don shi ma yana haɗa ƙafa huɗun ne.

Abin da nake zato kusan in rantse, an sa maka kan aksul na tsohuwar Range Rover. Land Rover Series reshiyonta 4.7 ne gaba da baya, finiyon 10 kirawun 47. Range Rover ta farko 3.54 ce, 13 da 46. Abin haushin shi ne mazauninsu ɗaya, notin ɗaya, yana shiga kamar don ita aka yi shi, shi yasa mai sayarwa ma wataƙila bai sani ba. A kan kwalta motarka da ƙafafun baya kaɗai take tafiya, sai ka ji ta ƙara gudu inji ya huta, ka ce ka yi sa'a. Da ka haɗa ƙafa huɗu farfelar gaba da ta baya suka koma juyi ɗaya dole, don Series ba ta da abin raba gardama a tsakiya, toh in farfela ta juya sau 4.7 tayar gaba ta yi zagaye ɗaya, ta baya kuma ta yi ɗaya da sulusi. Baya na son wuce gaba kenan. Ka gode Allah a rairayi abin ya same ka tayoyi suka samu wurin sulɓewa, da a ƙasa mai tauri ne da yanzu muna maganar karyayyen shaf ko haƙoran taransifa, wato giyar da ke raba ƙarfi gaba da baya.

Ka tabbatar da kanka: komai a firi, taya ɗaya sama, alli a farfela, juyi biyu. Ka yi a baya ka yi a gaba. In gaban na da makullin cibiyar taya irin wanda ake murɗawa da hannu ka kulle su duka biyun tukuna, in ba haka ba taya za ta yi ta juyawa farfela na tsaye. Biyar saura kwata da kaɗan 4.7 ne, uku da rabi 3.54.

Gyaran hanya biyu ne, ko ka nemo 4.7 ka mayar baya ko ka sa 3.54 a gaban ma su zama ɗaya. Turawa masu yawo a kwalta suna son ta biyun. Ni a wurinka ban ba ka shawararta ba, injin 2.25 ba wani ƙarfi ne da shi ba, ka ɗora masa kaya da jarkokin ruwa ka shiga yashi da 3.54 za ka yi ta cin kuloci. Mayar da 4.7. Wannan karon kafin ka biya ka sa a ajiye kan aksul ɗin a ƙasa ka ƙirga haƙoran kirawun da yatsanka, sannan ka juya finiyon ka ga sau nawa yake kai kirawun zagaye ɗaya, don 46 da 47 saurin ruɗa mutum suke.

TAMBAYA: Salam. Mercedes 230E ce ta maigidana marigayi, ta 1983, otomatik. Direba yace giya uku gare ta, littafin motar yace huɗu. Za mu yi odar kayan gyaran giya an ce sai mun turo lamba. Ina ake ganinta? Daga wata uwa a Jos.

AMSA: Hajiya Allah ya jiƙan Alhaji ya ba ku haƙuri. Littafin ne da gaskiya, huɗu ne. Direban ma ba laifinsa bane, da yawa daga otomatik ɗin Mercedes na wancan zamanin in an tashi a hankali da giya ta biyu suke tashi, ta ɗaya sai an take totur sosai, shi yasa yake jin canji biyu kacal. Lambar tana jikin giyar ta ɓangaren dama, sama kaɗan da kaskon mai, a sa yaro ya wanke wurin da kananzir da burushi, za a ga lamba mai farawa da 722, a kwafe ta duka har ƙarshe kada a tsaya a ukun farko, mafi kyau ma a ɗauki hoto a tura musu tare da lambar shasi. In an zo kan aksul shi ma Jamusawa sun buga reshiyon a jikin kwanson ta baya kusa da murfi, na 230E 3.58 ya kamata a gani, in an ga 3.69 ko 3.92 ko 3.46 an taɓa canza shi da na wata 'yar uwarta. Kuma Hajiya a duba akwatin takardun Alhaji da kyau, motocin nan suna zuwa da wani ɗan kati mai ɗauke da lambar inji da ta giya tun daga kamfani, galibi yana maƙale a bayan littafin sabis.